Fuskar Mai Zakara

Buruksel, 14 ga Oktoba, 1994

Yaya Abdulwahid,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna Lubabatu, da fatan idonta ya yi sauƙi. Ni lafiya lau, sai sanyin ƙasar nan da ya fara shiga ƙashi.

Takardar nan za ka same ta inda ka saba samu, a aljihun gaban farar motar da muka ɗora wa Alhaji Adamou a jirgin ruwan Litinin. Maganin idon Inna yana nan tare da ita a naɗe.

Yaya, makon jiya maigidana ya tafi da ni babban baje-kolin motoci na Paris don in riƙa ɗaukar masa jaka. Na ga motoci har idona ya gaji. Amma da na isa rumfar kamfanin Mai Zakara sai na tsaya cak. Sun ɗora wata mota a kan faifai yana juyawa da ita a hankali, mutane sun yi cincirindo. Goshinta irin na motar Baba Alhaji Abdoulaye ne sak, sai dai fitilunta sun yi tsawo sun kwanta, zakaran kan hancinta kuma ya ninka na da girma. Wani Bature mai kwat ya ce da mu wannan ce fuskar da kamfanin yake mafarkin gobensa da ita.

Ni dai Zongo na tuna. Ko da yake kakanninmu ne wa da ƙane, a gidanku na yi wayo, kuma a bayan motar nan aka fara kai ni lekol, makarantar boko. Na sayi fotonta na sa maka a ciki. Ka nuna wa 'yan teburin Tahirou, na san za su kwana biyu suna musu.

Ƙanenka,
Muktar

Zongo, Kwatano, 21 ga Nuwamba, 1994

Muktar,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, magani ya iso, Allah ya saka. Inna tana ɗigawa safe da yamma, amma gaskiya idon sai ƙara duhu yake. Yanzu da lalube take gane ƙofa. Ni bayana ne kawai yake ciwo, ciwon zaman banza.

Kwana biyu ka ce? Yau mako biyu ke nan foton nan yana yawo a teburin shayin Tahirou, har gefensa ya yi baƙi da man hannu. Ka san tun da aka yi konferans, babban taron ƙasa, aka cire tauraro daga tuta, kowa a Zongo ya zama mai ra'ayi. Wanda da ba ya iya tari sai ya waiga, yanzu shi ne mai jawabi. Mu namu siyasar a kan mota muke yi. Tahirou ya ce idanunta sun yi kama da na mai ciniki a kasuwar Tokpa idan ya raina tayinka. Laouali, wanda tun da ya samu 'yar tasinsa ta Japan ba ma shan ruwa, ya ce fuska ba ta ɗaukar fasinja, a gaya masa litar mai nawa take sha. Na ce masa shi ya sa idan aka jera motocin Japan guda goma ko mai su sai ya duba lamba. Kamfani gida ne. 'Ya'yan gida ɗaya dole su yi kama, ko a ce akwai magana. Mai Zakara tun daga kwanar masallaci kake gane ta, ko ta bara ce ko ta shekara talatin. Ƙarshe muka kaɗa ƙuri'a da ɗaga hannu, bakwai suka ce ta yi kyau, huɗu suka ce a'a, Tahirou ya ɗaga duka biyun don kada ya rasa mai sayen shayi.

To, bari in gaya maka abin da ban faɗa a tebur ba. Sana'ata tana mutuwa a hannuna, Muktar. Shekara ashirin da shida ina toliye, ina bugun jikin mota da guduma har ya koma yadda aka haife shi. Motocin da kuke turo mana yanzu gabansu duk roba ne. Idan ya fashe ba a bugawa, cirewa ake a sa wani, aikin da mai sayar da albasa ma zai iya. Watan jiya mota uku ce ta shigo garejina.

Da na kalli foton nan sai na ga ƙofa. Tsofaffin Mai Zakara sun fi ɗari biyu a garin nan, daga tasi har na gida. Idan sabuwar ta sauka, kowane mai tsohuwa zai ji kunyar tasa, kuma ba mai kuɗin sabuwa tun da aka karya darajar kuɗin sefa. Amma idan akwai mutum ɗaya a Zongo da zai iya sa wa tsohuwa sabuwar fuska da ƙarfe, ai layi za a yi. Sai dai ba wanda zai ba ni motarsa in gwada. Dole a fara gani da ido, kuma mota ɗaya ce a hannuna, ta Baba.

Na san abin da za ka ce. Shekara tara da rasuwar Baba, ban bari ko ƙusa ta taɓa ta ba. Tana nan inda yake ajiye ta, hancinta yana kallon ƙofar ɗakin Inna, yadda yake shigowa da ita kullum la'asar daga kasuwa. Inna har yau idan za ta fita sai ta dafa zakaran ta gane hanya. Na yi mata bayani. Sai ta tambaye ni ko su masu motar ne da kansu suka ce haka za ta koma. Na ce su ne. Ta ce to, idan gidansu ne ya yanke, ita wace ce.

Ka aiko min da foton gefe da na sama, ka kuma gaya min watan da za ta fito kasuwa. Ina so in riga jirgi. Idan akwai aibu a shawarar nan ka faɗa min kafin azumi. Wannan takarda ɗan Alhaji Adamou zai taho maka da ita, jibi zai tashi.

Yayanka,
Abdulwahid

Buruksel, 11 ga Disamba, 1994

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, ka yafe ni.

Don Allah, don darajar Baba, kada ka taɓa motar nan. Laifina ne, ban yi maka bayani ba saboda ni ma sai daga baya na fahimta. Motar da ke cikin foton ba ta sayarwa ba ce, kuma ba za a taɓa sayar da ita ba. Guda ɗaya tak suka yi a duniya. Turawan nan suna da wata al'ada da hankalinmu ba zai kawo ba: sai su ƙera mota don kallo kawai, su ji me mutane za su ce, su sa ta a jarida, sannan su kai ta ɗaki su rufe. Na tambayi wani makanike ɗan Maroko da ya yi aiki a wurin. Ya yi dariya ya ce ko inji babu a cikinta, jikinta ba ƙarfe ba ne, mutum shida ne suka tura ta suka hau da ita kan faifan.

Wadda za ta fito da gaske na ga fotonta a jarida, na yanko maka. Ka ƙarfafa zuciya kafin ka duba. Ta yi mulmul kamar sabulun da aka yi wanka da shi sau uku. Goshin nan babu. Zakaran ma sun cire shi daga kan hanci, wai yana iya yanka mutum idan aka yi karo, sun mayar da shi ɗan zane a cikin da'ira, bai fi kwabo girma ba. A nan ma masu son kamfanin suna ta faɗa a jaridu, wasu na cewa an sayar da gida.

Takardar tana aljihun wata shuɗiyar bas ta Alhaji Adamou, jirgi zai tashi ranar Alhamis. Za ta same ka tun kafin azumi da sauran lokaci mai yawa.

Muktar

Zongo, 19 ga Fabrairu, 1995

Muktar,

Barka da shan ruwa. Ya azumi a ƙasar sanyi? Mu nan zafi ne, amma ana kaiwa. Inna tana azuminta duk da mun hana.

Shiru nake ji daga wajenka. Na je wurin Alhaji Adamou sau huɗu, ya ce motocin Disamba duk sun fita, bai ga takarda ba. Ya ce wasu ma daga por, tashar jirgin ruwa, aka wuce da su arewa, ba su kwana a gari ba. Na ce a raina, Muktar ba ya ɓoye min magana, da akwai aibu da ya faɗa ko da ta waya ce. Na ɗauki shirunka a matsayin to.

Na fara aikin motar ranar uku ga azumi, bayan sallar asuba. Na ɗora abin yanka a kan kafaɗarta ta hagu, na yanka. Ƙarfen zamanin da ne, Muktar, mai kauri, mai biyayya. Irinsa babu a kasuwa, shi ya sa ban sayi sabo ba, nata na warware na buge na sake lanƙwasawa. Murfin inji na rage masa yatsa huɗu. Ramin fitilu na toshe na buɗe wasu dogaye. Tun da ba ka aiko da foton gefe ba, na cika sauran da hankalina. Zakaran na kai wa masu zubin tukwane a bayan cocin Saint-Michel, suka narka shi suka ƙara masa ƙarfe, muka zuba babba kamar na foto. Na tsaya a kansu har ya huce.

Da ka ga garejina yanzu. 'Yan tebur sun kwaso bencinsu sun dawo nan, da yake ba shayi da rana. Laouali ma yana zuwa, yana cewa hauka ne, amma kullum shi ne farkon zuwa. Masu tasi biyar sun ce idan ta yi kyau su ne na gaba. Rabon da in ji ni mutum ne haka, na manta.

Inna ce kawai take ba ni tausayi. Wurin motar ya zama fili, ran nan ta fito ta miƙa hannu ta dafa iska. Na ce ta ƙara haƙuri, da babbar salla motar za ta dawo ta kai ta idi.

Ka rubuto, ko layi biyu ne.

Abdulwahid

Buruksel, 9 ga Maris, 1995

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu takardarka ta iso, na karanta a tsaye. Ta Disamba ba ta same ka ba ke nan? Tana cikin shuɗiyar bas. Na buga wayar shagon Alhaji Adamou sau uku, yaransa suna cewa ya tafi Umra.

Ka tsaya inda kake. Kada ka ƙara yanka komai, kuma duk guntun da ka cire ka adana. Motar foton ba za ta fito ba, ta kallo ce. Bayanin yana cikin waccan takardar. Wannan na ba wani ɗan garin Jugu da zai taho ta Lome, ya yi min alkawari hannu da hannu.

Ka yafe ni.

Muktar

Zongo, 28 ga Mayu, 1995

Muktar,

Muna lafiya. An yi salla lafiya. Ina fatan kai ma haka.

Takardunka biyu sun same ni a mako ɗaya, bayan salla da kwana shida. Ɗan Jugun naka rashin lafiya ya kwantar da shi a Lome. Ta Disamba kuwa har Damagaram ta je. Wani direba Mounkaïla ne ya kawo ta, ya ce mai bas ɗin ya buɗe aljihu neman fis na wutar mota ya gan ta, ya ga an rubuta toliye, Zongo, Kwatano, ya riƙe ta har ya samu mai zuwa. Mutumin kirki. Na ba Mounkaïla goro, na zauna a kan taya na karanta. Sau ɗaya na karanta, ya ishe ni.

Motar na gama ta ana gobe salla. Na cika alkawari, na kai Inna idi. Ka san yadda ake yi da, tun daga nesa mutane ke ɗaga hannu suna cewa ga motar Alhaji Abdoulaye, tsofaffi su yi masa addu'a. Ran nan ba wanda ya ɗaga hannu. Kallo dai an yi, masu zemijan, baburan haya, har suna bin mu, amma tambaya ɗaya ce a bakin kowa: wace iri ce wannan? Ina ta cewa sabuwar Mai Zakara ce, ku jira jirgi za ku gani. Da bakina na faɗa, a filin idi, ga mutum ya fi hamsin.

Jirgin kuwa ya zo. Wani babban ɗan kasuwa ya sauke ta gasken guda biyu, Laouali ya gan su a por ya zo ya ɗauke mu mu huɗu a tasinsa. Muka tsaya a bakin wayar shinge muna kallo. Tahirou ne ya ce a hankali, "Wannan ai ba ta da uba." Da za a rufe 'yar da'irar zakaran da hannu, wallahi ba mai rantsuwa cewa ba ta Japan ba ce. Laouali da nake jiran ya yi min dariya bai yi ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Masu tasi biyar ɗin nan ba wanda ya sake biyowa ta layinmu.

Abin da ya kasa shiga kaina shi ne wannan: mutum ya zauna ya ƙera mota, ya goge ta, ya kira duniya ta gani, alhali ya san ba za ta taɓa ɗaukar kowa ba? Ni na ɗauka maganar kamfani magana ce. Na gaya wa Inna gidansu ne ya yanke.

Ka ce in adana guntaye. Babu guntaye, Muktar. Tsohuwar fuskar ita ce sabuwar, na buge ta ta shige ciki. Ƙarfen da aka miƙar sau biyu ba ya komawa, yagewa yake. Abu ɗaya ya rage. Ka je inda kuke zubar da matattun motoci ka nemo min gaban irinta, ta shekarar sittin da takwas: murfi, kafaɗu biyu, ramin fitilu, da zakara. Ko ruɓaɓɓe ne ka turo, in dai zan ga layinsa zan tashe shi. A nan duk na duba, waɗanda suka rage bayanta aka ƙera su, fuskarsu daban.

Ban ce laifinka ba ne.

Abdulwahid

Buruksel, 30 ga Yuli, 1995

Yaya,

Ina gaishe ka da Inna. Na yi jinkiri ne don ba na so in rubuto hannu wofi, ga shi kuma hakan zan yi.

Na je makabartar motoci goma sha ɗaya, nan da cikin Faransa. Tun bara gwamnatin can take ba mutane kuɗi su kawo tsohuwar mota a murƙushe su sayi sabuwa. Na ga injin da ido. Mota takan shiga ta fito kamar akwatin tufafi. Wani tsoho mai wurin ya ce irin ta Baba guda uku ya murƙushe a bazara, da na zo da wuri da kyauta zai ba ni. 'Yan kaɗan da suka rage suna hannun masu tara kayan tarihi, ɗaya da na samu ko taɓawa bai bari na yi ba.

Ka turo min fotonta na da, in nuna wa mutane, wataƙila a dace. Ba na barci sosai, Yaya. Kullum sai in ga da ban tsaya a rumfar nan ba.

Muktar

Zongo, 17 ga Satumba, 1995

Muktar,

Lafiya muke, alhamdu lillahi. Idon Inna ya rufe gaba ɗaya sai haske da duhu. Kada ka ƙara turo maganin.

Ka daina yawon nan, ka riƙe aikinka. Foto kuma babu. Na zazzage akwatunan gidan nan kaf, guda ɗaya na samu, na ranar da Baba ya dawo daga Makka. Mutum goma sha huɗu ne suka jeru a gabanta, har da kai a hannun Inna, ba abin da ake gani sai tayar baya. Wa zai ɗauki foton abin da yake gani kullum?

Na ce to bari in zana ta daga kaina. Shekara ashirin da bakwai ina wanke fuskar nan, na ɗauka ko a mafarki zan zana. Na zauna da alli a ƙasan gareji, sai hannuna ya riƙa zana sabuwar. Na kira 'yan tebur. Tahirou ya ce haƙoran gabanta tara ne, Laouali ya rantse goma sha ɗaya, wani ya ce fitilun a zagaye suke, wani ya ce da ɗan kusurwa. Mu da muke cika baki muna gane ta daga kwanar masallaci. Har aka fara cewa a kaɗa ƙuri'a, na ce su tashi su ba ni wuri.

Garejin na ba wani mai gyaran zemijan rabinsa. Gudumomina suna cikin buhu.

Motar na mayar da ita gida, wurinta na da. Washegari Inna ta fito ta miƙa hannu yadda ta saba. Ta shafa zakaran, ta bi goshin, ta bi dogayen fitilun nan har ƙarshe, a hankali, kamar mai duba ƙurji. Ina tsaye ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce, "Aikin ya yi kyau, Abdu. Amma ka juya min ita, ba na son baƙo yana kallon ɗakina."

Na juya ta. Yanzu hancinta yana kallon ƙofar waje, bayanta yana wajen ɗakin Inna. Bayan ban taɓa shi ba, daga nan har yanzu motar Baba ce, har da 'yar lotsawar da ka yi mata da keke. Nan Inna take dafawa yanzu idan za ta fita.

Jiya da la'asar na same ta zaune a kan tabarma, hannunta a kan but ɗin motar. Na tambaye ta ko haka ya fi mata. Ta ce ya fi. Sai ta ce da can, shekara tara ɗin nan, duk sanda ta dafa motar ji take Alhaji yanzu ya dawo daga kasuwa. Yanzu kuma kullum ji take yanzu zai fita.

Ka gaida mutanen wurinku.

Yayanka,
Abdulwahid